Yadda Ake Buga Stud Mai Kati Bakwai a Teburin Gauraye na Intanet

Hannun da ya fi ba ni kunya a foka ba mugun kati ne ya jawo shi ba, rashin duba allo ne. Muna teburin HORSE, aka raba mini As da 2 a rufe, 4 a buɗe. Na ɗaga, wani mai Sarauniya ya ƙara, ni ma na sake ƙarawa ina yi masa dariya a zuci, don a Razz, inda hannu mafi ƙanƙanta ke ci, babu mai hankalin da zai riƙe Sarauniya ya tunkari 4. Sai da zubi ya ninka na kai ido saman allo, na ga ashe mun riga mun bar Razz. Stud muke bugawa. Mutumin yana riƙe da Sarauniya biyu, ni kuwa tarkace ne a hannuna.

Teburin gauraye shi ne inda ake juya wasanni daban-daban bi da bi. HORSE biyar ne: Hold'em, Omaha mai raba sama da ƙasa (wato a raba kuɗin tsakanin babban hannu da ƙarami), Razz, Stud, sai Stud mai raba sama da ƙasa. A 8-Game ana ƙara uku a kan waɗannan. Kafin Hold'em ya mamaye ko'ina, musamman bayan Chris Moneymaker ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003, Stud ne wasan da aka fi bugawa a yawancin ɗakunan foka na Amurka. Wasannin gauraye suka dawo da shi idon jama'a, tun daga gasar HORSE ta dala 50,000 da Chip Reese ya lashe a 2006. Wannan tarihin yana da amfani a gare ka: galibin waɗanda za ka tarar a teburin intanet yau ta Hold'em suka shigo foka. Sun saba kallon katunansu biyu da na tsakiya kawai. A Stud kuwa rabin labarin yana gaban sauran mutane a buɗe, kuma yana ɓacewa da zarar sun janye. Wanda ya kalla ya riƙe, shi ke cin wanda bai kalla ba.

Mataki na farko: gyara wurin zama kafin a fara rabo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga saitin manhajar ka kunna katuna masu launi huɗu, yadda kowane dangi zai fito da launinsa, don a ƙaramin allo zuciya da daimon suna rikita ido. Rufe sauran tebura. Mai buga Hold'em yana iya riƙe tebur huɗu ko shida lokaci guda, amma a Stud tebur na biyu ma sata yake yi daga idonka. Idan sabon shiga ne kai, fara da teburan kuɗin wasa, waɗanda ba a sa kuɗin gaske, har idonka ya saba. Teburin kuɗin gaske caca ce: gidan yana yankar kasonsa daga kowane tsibi, wato kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur, ƙwararre ma yana yin makonni a cikin asara, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sannan ka sa wa kanka al'adar karanta sunan wasan a kowane rabo. A teburin yau da kullum wasa yana canzawa ne bayan adadin hannuwa ko bayan an zagaya tebur, a gasa kuma sau da yawa agogo ne ke canza shi. Razz, Stud da Stud mai rabawa suna zuwa a jere, kuma rabonsu iri ɗaya ne sak. Akwai alama mai sauƙi idan ka shagala: dubi wanda aka tilasta wa zubin farko. Idan mai Sarki ne, Razz ake yi. Idan mai 2 ko 3 ne, an shiga Stud. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mataki na biyu: san inda kuɗin yake ninkawa

Kowa yana sa ɗan kuɗin shiga kafin rabo. Ana ba kowa kati uku, biyu a rufe, ɗaya a buɗe. Na buɗen zan riƙa kiransa katin goshi, tunda shi kowa ke gani. Ana kiran zagaye da yawan katin da ke hannunka, saboda haka wannan na farkon shi ne zagaye na uku. Mai katin goshi mafi ƙanƙanta shi ke yin zubin dole, kuma a nan As babba ne. Idan biyu suka yi kunnen doki, dangi ke raba gardama: kulob mai ganye uku shi ne ƙasa, sai daimon, sai zuciya, sai sifed mai kama da kan mashi a sama.

Kati na huɗu, na biyar da na shida a buɗe suke zuwa, na bakwai a rufe. Daga na huɗu zuwa ƙarshe, wanda buɗaɗɗun katunansa suka fi ƙarfi shi ke fara magana. Wato ba kamar Hold'em ba, matsayinka ba a tsaye yake ba: yanzu kai ne na ƙarshe, kati ɗaya ya faɗo ka koma na farko.

Zubin ƙayyadadde ne. A duk misalan da ke tafe zan ɗauki tebur mai 10 da 20, kuɗin shiga 1, zubin dole 3. A zagaye na uku da na huɗu ana zuba 10, daga na biyar zuwa na bakwai 20. Wanda ya fara ɗaga zubin dole zuwa 10, an ce ya cika. Wasu shafuka suna barin a zuba babban zubi a zagaye na huɗu idan wani ya nuna tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, a buɗe, wasu ba sa bari, don haka karanta dokar inda kake. Tebur ba ya wuce mutum 8, kuma tunda 8 sau 7 ya haura 52, idan katuna suka ƙare ana ajiye kati ɗaya a tsakiya ya zama na kowa. Da wuya ka ga hakan.

Mataki na uku: kalli goshin mutane kafin ka kalli hannunka

Nan ne wasan yake. A intanet mutane suna danna maɓallin janyewa tun kafin layi ya zo kansu, sai ka ga katuna huɗu sun ɓace kamar ƙiftawar ido. Katunanka ba inda za su, nasu ne ke tafiya. Don haka da an raba, idonka ya fara zagaya tebur.

Ba sai ka haddace kowane kati da danginsa ba. Ni yadda nake yi, ina jera lambobin daga ƙarami zuwa babba in faɗe su da baki: biyu, huɗu, bakwai biyu, tara, Sarauniya, Sarki. Jerin da aka tsara ya fi zama a ka fiye da yadda suka watsu a allo. Bayan haka in ƙirga dangi: zuciya uku, sifed biyu. Sai sannan in dubi nawa, in yi wa kaina tambaya: katunan da nake bukata suna da rai, ko sun mutu? Kati mai rai shi ne wanda ba a gani ba tukuna, yana iya zuwa maka. Matacce shi ne wanda ya riga ya bayyana a gaban wani.

Ga dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ce kana da zuciya uku a tebur mai mutum 8. Idan babu zuciya ko ɗaya a katunan goshi bakwai na sauran, damar ka haɗa fulash, wato biyar 'yan dangi ɗaya, zuwa kati na bakwai ta kusa kashi 24 cikin 100. Idan zuciya biyu sun fita, ta sauko kusan 16. Idan uku ne, kusan 12. Hannu ɗaya ne, katuna iri ɗaya, amma ƙarfinsa ya rabu biyu saboda abin da ke gaban wasu. Ɗan Hold'em zai buga su duka ukun iri ɗaya.

Haka abin yake ga tagwaye. Kana da Jak da 9 a rufe, Jak a buɗe. A tebur na farko babu Jak, babu 9, kuma kati ɗaya ne kawai ya fi Jak a cikin waɗanda ba su yi magana ba. Cika ba tare da wani tunani ba. A tebur na biyu Jak ɗaya yana gaban wani, 9 ɗaya yana gaban wani, mai Sarauniya ya riga ya cika, Sarki da As suna bayanka suna jira. Yar da shi. Na san yana da zafi a yar da Jak biyu, amma Jak ɗaya ne ya rage a duniya, kuma mai yiwuwa kai ne na biyu ko na uku a ƙarfi.

Kada ka manta da ɗaya gefen: katunan abokin karawarka ma suna mutuwa. Idan mai Sarki ya ɗaga alhali Sarki biyu sun riga sun bayyana, da wuya a ce yana da na huɗun a ɓoye. Ko yana da wasu tagwaye a rufe, ko dangi uku, ko kuma burga ce.

Mataki na huɗu: zaɓi hannun shiga, kuma ka san mutum nawa kake so su bi ka

'Yan uku tun daga rabo, kamar 6 uku, suna zuwa sau ɗaya a cikin 425. Mutane suna son yin lamɓo da su, su bi a hankali don kada su kori kowa. A teburin da ake yawan bi, ban ga amfanin lamɓon ba: cika, za su biyo ka. Inda nake lafawa shi ne idan ɗagawar za ta tona ni, misali katin goshina 4 ne, Sarki ya cika, As ya ƙara. Idan na sake ƙarawa da 4 a goshi, na faɗa wa kowa abin da nake riƙe da shi.

Manyan tagwaye, daga 10 zuwa As, su ne abincin yau da kullum. Suna son mutum ɗaya, ba taro ba. Sarki biyu a gaban mutum ɗaya suna kan gaba, a gaban mutum huɗu kuwa kowa yana jan nasa zaren, ɗaya zai haɗa. Saboda haka aikinka shi ne korar mutane: idan ba a cika ba ka cika, idan mai ƙaramin goshi ya cika ka ƙara, don na bayanka su ga 20 a gabansu maimakon 10. Amma ka cire lissafin Hold'em daga kanka. A can manyan tagwaye suna cin ƙanana kusan sau huɗu cikin biyar. A Stud tazarar ba ta kai haka ba, tana wajen biyu cikin uku ko ƙasa da haka, domin kowa yana da sauran kati huɗu nasa na kansa. Za a riƙa kamo ka daga baya sau da yawa. Ba manhajar ce ke cutar ka ba, haka wasan yake.

Ƙanana da matsakaitan tagwaye sun dogara da abu biyu: suna da rai, kuma wane ne ɗan rakiyarsu. 5 biyu da As abin bugawa ne a gaban mai Sarauniya, don idan As ya zo, tagwayenka biyu sun fi nasa biyu. 5 biyu da 3 kuwa, ko ka haɗa tagwaye biyu, sau da yawa na biyu za ka zo, kuma shi ne hannun da ya fi cin kuɗin mutane a Stud: ya yi kyau da yawa a yar, bai kai ya ci ba. Akwai kuma bambanci tsakanin tagwayen da ke rufe duka da waɗanda ɗayansu ke goshi. Idan 8 biyunka suna rufe, ranar da 8 na uku ya faɗo babu wanda zai ji tsoronsa, za a biya ka har ƙarshe.

Dangi uku suna son taro da araha, kishiyar manyan tagwaye ke nan. Idan uku ko fiye na danginka sun fita, bar shi, sai fa in katunan manya ne da za su iya cin wasa ta hanyar yin tagwaye. As, Sarki da 7 na zuciya hannu ne. 9, 5 da 2 na zuciya fata ne kawai. Jeri uku kuwa, wato lambobi uku masu bin juna, ni ba na taɓa shi ƙasa da 8, 9, 10, kuma sai na ga 7 da Jak suna da rai. Mai giɓi a tsakiya, kamar 7, 8, 10, yar da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Teburan 8-Game a intanet sau da yawa mutum 6 ne. Can kuɗin shiga yana cin ka da sauri, manyan hannuwa kuma ba su cika yawa a gaban mutane ba, don haka sassauta kaɗan: matsakaitan tagwaye da manyan katuna uku masu rai suna ƙara daraja.

Mataki na biyar: kwashe kuɗin shiga idan an bar maka

Yi lissafin da kanka. Mutum 8 sun sa 1 kowanne, ga zubin dole 3, tsibi ya zama 11. Idan ka cika da 10 don ka ci 11, kana bukatar kowa ya janye kusan sau 48 cikin 100 kafin ka mayar da kuɗinka, ko da hannunka ba komai. Idan kuwa mutum 6 ne da kuɗin shiga 2, tsibi 15 ne, sau 40 cikin 100 ya isa. Kuma ko an bi ka ba ka mutu ba, kana iya haɗa wani abu. Shi ya sa abu na farko da nake dubawa a sabon tebur shi ne girman kuɗin shiga a kan ƙaramin zubi. In yana da girma, a yi ta kai hari. In ƙarami ne, a yi haƙuri a jira.

Lokacin yi shi ne idan kowa ya janye har layi ya zo kanka, katin goshinka ya fi na duk waɗanda suka rage, kuma ba su wuce biyu ko uku ba. As ko Sarki a goshi, da 3 da 6 a bayanka: cika, ko me ke ƙasa. Amma idan irin katin goshinka ya bayyana a gaban wani, burgar ta rage kaifi, masu lura sun san da wuya kana da tagwayensa. Idan kuma kai ne mai zubin dole, kada ka ce tunda ka sa 3 dole ka kare su. Ƙarin 7 ne a yanzu, amma ƙofa ce ta zubi huɗu masu zuwa. Kare da tagwaye, ko dangi uku masu rai, ko katuna biyu a rufe da suka fi goshin mai harin.

Mataki na shida: na huɗu da sauƙi, na biyar shi ne mararraba

A zagaye na huɗu, idan kai ka cika kuma abokin karawarka bai samu abin tsoro ba, ci gaba da zubi. Abu ɗaya ne ke sa in taka birki: ya yi tagwayen katin goshinsa. Dalilin lissafi ne. Yawancin hannuwan da mutane ke shiga da su tagwaye ne, kuma a cikin tagwaye uku, biyu katin goshi yana cikinsu. Wanda ya shiga da 9 a goshi, 9 ya sake faɗo masa, sau da yawa 9 uku gare shi. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai idan ka tuna wani 9 ya riga ya mutu, ko kai ma kana da babban hannu, janye ko da As biyu ne, musamman in tsibin ƙarami ne.

Idan ka shiga da dangi uku, na huɗu ya zo, ka samu hannu na gaske: ba tare da la'akari da matattu ba, yana cika kusan sau 47 cikin 100. A gaban mutum biyu ko uku, ɗaga. Idan bai zo ba, kuma ba ka yi tagwaye ba, yawanci nan tafiyar ta ƙare, sai in danginka yana da rai sosai kuma zubi ɗaya ne a gabanka. Akwai wata dabara a nan: idan goshin abokin karawarka ya fi naka, shi zai riƙa fara magana. Ɗaga shi da 10 a na huɗu, sau da yawa zai wuce maka a na biyar, wato ya bar maka magana ba tare da ya zuba ba, kai ma ka wuce ka karɓi kati kyauta inda da 20 za ka biya.

Zagaye na biyar shi ne inda ake yanke shawarar gaske. Zubi ya ninka, kuma wanda ya bi a nan kusan ya ɗaure kansa har ƙarshe, don tsibin zai yi girman da ba a barinsa. Saboda haka kada ka tambayi kanka ko hannun ya cancanci 20. Tambaya ita ce ko ya cancanci 60. Ƙananan tagwaye da ba su ƙaru ba, ɗan rakiya bai fi katunansa ba: janye. Dangi uku har yanzu uku: janye. Tagwaye masu rai da As a gefe, a gaban mutum ɗaya wanda allonsa bai nuna komai ba: bi. Idan kuwa kai ne a gaba, nan ne wurin kwanton ɓauna, ka wuce, ya zuba, ka ɗaga, amma sai ka tabbata mai zubi ne. Ba wa mai neman fulash kati kyauta a na biyar ya fi rasa zubi ɗaya muni.

Karanta allonsa daga baya zuwa gaba. Wanda ya bi kawai da 7 na sifed, sannan sifed biyu suka faɗo masa, ka ɗauka ya haɗa, sai in ka ƙirga sifed da yawa a matattu. Wanda ya ƙara a zagaye na uku da Sarki, sifed biyu suka biyo, ya fi kama da mai Sarki biyu da allonsa ya yi ado.

Mataki na bakwai: na shida da na bakwai lissafi ne

A na shida da wuya ka janye. Misali kana da dangi huɗu, ku biyu kuka rage. Ka ga katunanka 6, nasa 4 na buɗe, da 6 da aka yar tun farko, 16 ke nan, saura 36. Biyu na danginka sun mutu, saura 7. Damarka kusan ɗaya cikin biyar. Tsibi 120 ne, ya zuba 20: kana biyan 20 don 140. Bi. Abin da zai sa ka janye shi ne idan ko ka haɗa ba za ka ci ba, kamar yana nuna tagwaye biyu a buɗe kuma katunansu suna da rai.

A na bakwai, idan tsibi 160 ne ya zuba 20, kana bukatar ka ci sau ɗaya cikin goma kawai don bin ya biya. Don haka idan kana doke abin da ke allonsa kuma akwai yiwuwar bai haɗa ba, biya ka gani. Kuskuren biyan 20 a banza ƙarami ne, kuskuren yar da tsibin 180 babba ne. Wannan lissafin kuma shi ke nuna cewa burga a na bakwai ba ta cika aiki ba, amma zubi da tagwaye biyu masu kyau yana aiki, tunda za a bi ka da tagwaye ɗaya.

Hannu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Katunan goshi: 2, 5, Sarauniya, 9, Sarauniya, 8 nawa, 4, 7. A rufe ina da As da 8. Mai 2 ya yi zubin dole, mai 5 ya janye, Sarauniya ta farko ta janye, 9 ya janye, Sarauniya ta biyu ta cika. Babu 8 a waje, babu As, Sarauniya ɗaya ta mutu. Na bi, sauran suka janye. Tsibi 31.

Na huɗu: shi 5, ni 3. Ya zuba 10, na bi. Tsibi 51. Na biyar: shi 10, ni As. Yanzu ina da As biyu da 8 biyu, kuma magana ta dawo kaina. Ban yi kwanton ɓauna ba, don As a allo yana sa mutum ya wuce a bayanka. Na zuba 20, ya bi. Tsibi 91.

Na shida: 5 ya sake faɗo masa, ni Jak. Yana nuna 5 biyu, ya zuba 20 da sauri. Da ban kalli tebur tun farko ba, nan sai in tsorata in bi kawai. Amma 5 ɗin ba katin goshinsa ba ne, kuma na tuna 5 ɗaya ya tafi tun zagaye na uku. Mutumin da ya cika da Sarauniya, abin da ya fi kama da shi Sarauniya biyu da 5 biyu ne, nawa kuma sun fi su. Na ɗaga zuwa 40, ya bi. Tsibi 171. Idan karatuna daidai ne, kati biyu ne kawai za su cece shi a cikin talatin da wani abu: Sarauniya ɗaya da ta rage, da 5 ɗaya. A na bakwai ya wuce, na zuba, ya biya, ya nuna abin da na zata. Ƙarin 20 na zagaye na shida ba katina ne ya kawo shi ba, wancan 5 ɗin ne da ya yi daƙiƙa biyu a allo.

Bayan ka tashi, buɗe tarihin hannuwa a manhajar, ka zaɓi uku da ka kai na biyar da su, ka duba ko matattun da ka riƙe su ne na gaskiya. Rubuta ɗan bayani a kan abokan karawa: wane ne ke cika da kowane As, wane ne ba ya janyewa in an yi tagwayen goshi.

Kafin nan dai, sa ido a saman allo. Wasan da ke bin Stud a jerin shi ne mai raba tsibi tsakanin babban hannu da ƙaramin da bai wuce 8 ba. Rabo iri ɗaya, zubin dole iri ɗaya, har mai 2 ne zai sake buɗewa, don haka alamar da na ba ka a farko ba za ta cece ka a nan ba, sai ka karanta sunan. A can Sarauniya biyun da ka ɗaga da su yanzu sun zama abin yarwa idan As ya cika, su kuma As, 2 da 4 da suka kunyata ni sun koma hannun shiga.